Amosanin Gaɓɓai Ba Ya Hana Motsi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu ciwon gaɓɓai da masu jinyarsu suka fi yawan yi. Adadin magungunan da aka ambata na manya ne masu lafiyar ƙoda da hanta. Likitan da ya duba mutum shi ke yanke masa nasa adadin.

Duk ciwon gaɓɓai abu ɗaya ne?

A'a, kuma daga nan yawancin kurakurai ke farawa. Cututtukan da ke taɓa gaɓɓai sun haura iri 100, amma uku ne suka fi damun jama'a, kowanne da sanadinsa da maganinsa.

Na farko shi ne amosanin zaizayewa. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi yana yin siriri, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri, har ya fitar da ƙananan tsiro a gefe. Ya fi kama gwiwa, kwatangwalo, gindin babban yatsan hannu da gaɓoɓin ƙarshen yatsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 528 ne ke da shi a shekarar 2019, kuma kusan kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55. Ciwonsa yana tashi ne idan an yi aiki da gaɓar, ya lafa idan an huta. Riƙewar da ake ji da safe ba ta wuce minti 30.

Na biyu rumatoyid ne. A nan garkuwar jiki ce ke kai wa tantanin da ke shimfiɗe a cikin gaɓa hari, ya kumbura, daga baya ya ci guringuntsi da ƙashi. Yakan fara da ƙananan gaɓoɓin hannu da na ƙafa da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda. Mai shi yana tashi da safe hannuwansa a sanƙare har tsawon awa ɗaya ko fiye, ga kasala da ba ta jin barci. Mutum miliyan 18 ke da shi a 2019, kashi 70 cikin 100 mata ne.

Na uku gawut. Sinadarin yurik asid ne ke yawa a jini, ya daskare ya zama ƙananan tsinke a cikin gaɓa. Yakan far wa gindin babban yatsan ƙafa da dare, ya kai ƙololuwa cikin awa 12 zuwa 24, wurin ya yi ja ya yi zafi har mai shi ba ya son ko mayafi ya taɓa shi.

Akwai kuma wanda ke kama ƙashin baya a ƙuruciya. Duk wanda ciwon bayansa ya fara kafin shekara 45, ya wuce wata 3, yana tada shi a ƙarshen dare, kuma motsi ke sauƙaƙa shi ba kwanciya ba, ya nemi a duba shi da kyau.

Yaya ake gane wanda mutum yake da shi?

Bayanin mai ciwon da duba gaɓar da hannu sun fi kowane gwaji nauyi. Mutumin da ya kai shekara 45, ciwonsa na biyo bayan aiki, riƙewar safe kuma gajeriya ce, ana iya cewa zaizayewa ce ko ba a ɗauki hoton ƙashi ba. Hoton ma yana ruɗarwa. Akwai waɗanda hotonsu ya nuna gwiwa ta ƙare amma suna tafiyarsu lafiya lau, akwai kuma masu hoto mai kyau da ba sa iya barci don ciwo. Mutum ake yi wa magani, ba hoto ba.

Idan ana zargin rumatoyid, ana gwada jini a nemi RF da anti-CCP, wasu sinadaran garkuwar jiki da ke nuna alamar cutar, tare da gwajin ESR da CRP masu nuna yawan kumburi. A kula, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar masu rumatoyid gwajin RF da anti-CCP ba ya nuna komai a jininsu. Saboda haka gaɓoɓi masu kumburi da suka wuce makonni suna buƙatar ƙwararren likita ko da sakamakon ya fito fes. A gawut kuwa, yurik asid na iya sauka a daidai lokacin da ciwon ya tashi, sai an sake gwadawa bayan aƙalla mako 2.

Sanyi ko wanka da ruwan sanyi ne ke kawo shi? Ƙas ɗin yatsu fa?

Babu ɗayansu da ke kawo shi. Gaskiya ne mutane da yawa ciwonsu na ƙaruwa lokacin sanyi, domin tsoka na ɗaurewa kuma motsi na raguwa, amma sanyi ba ya cin guringuntsi. Abubuwan da ke da hannu su ne shekaru, gado, ƙiba, tsohon rauni a gaɓa, da aikin da ke sa tsuguno ko ɗaukar kaya mai nauyi shekara da shekaru. Shan taba yana ƙara haɗarin rumatoyid, yana kuma rage wa magungunansa ƙarfi. Ƙarar da ake ji idan an ja yatsa kuwa daga iskar da ke cikin ruwan gaɓa take.

Gwiwata na ciwo idan na yi tafiya. Ba hutar da ita ya kamata in yi ba?

Hutu na kwana ɗaya ko biyu lokacin da ta kumbura, e. Hutu na watanni kuwa yana cikin abubuwan da ke mayar da mai ciwon gwiwa gurgu.

Ga dalili. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan da ke cikin gaɓa yake samun abincinsa. Tamkar soso yake: idan aka taka, ruwan ya fita, idan aka ɗaga ƙafa, sabo ya shiga. Gaɓar da aka daina motsawa ta daina samun wannan musaya. Sannan tsokar gaban cinya, wadda ke tare wa gwiwa nauyi a kowane taku, tana fara ramewa cikin 'yan makonni idan ba a aiki da ita. Da ta yi rauni sai nauyin ya koma kan gaɓar kai tsaye, ciwo ya ƙaru, mutum ya ƙara zama, tsokar ta ƙara ramewa, ƙiba ta hau. Da yawan waɗanda ke cewa ciwonsu ya ci gaba, ba guringuntsin ne ya ƙara lalacewa ba, tsokar ce ta tafi.

Shi ya sa ƙa'idojin likitoci a ƙasashe daban-daban suka sa motsa jiki a sahun farko na maganin zaizayewa, gaba da ƙwaya, komai shekarun mutum. Tsoron cewa tafiya za ta ƙarasa cinye gaɓar ba shi da tushe. Masu gudu na motsa jiki ma, ba na gasa ba, ba su fi masu zama yawan kamuwa da zaizayewar gwiwa ba.

To wane irin motsa jiki, kuma nawa?

Iri biyu ake haɗawa: mai ƙarfafa tsoka da mai sa numfashi ya ɗan hau. Abin da ake son a kai shi ne minti 150 a mako na tafiya da ɗan sauri, ko tuƙa keke, ko iyo, da kuma ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Ba ranar farko ake kai wa nan ba. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10 a fili mai laushin taku, ya riƙa ƙara minti 2 ko 3 duk mako. Minti 10 sau uku a yini daidai yake da minti 30 a jere.

Don gwiwa, mafi sauƙi shi ne matse cinya. A zauna a miƙe ƙafa, a danna bayan gwiwa ƙasa har tsokar cinya ta yi tauri, a riƙe daƙiƙa 5, a saki, sau 10. Idan wannan ya zama wasa, sai a kwanta rigingine, a lanƙwasa lafiyayyar ƙafa, a ɗaga mai ciwon a miƙe kamar santimita 30 daga ƙasa, a riƙe daƙiƙa 5, a sauke a hankali. Saukewar ta fi ɗagawar muhimmanci, kada a bar ƙafar ta faɗi.

Wanda ya fi duka amfani a ganinmu shi ne tashi da zama a kan kujera, domin shi ne motsin da ake buƙata kullum. A samu kujera mai ƙarfi da ba ta zamewa, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, a ɗan ja su baya, a sunkuyar da ƙirji gaba, a miƙe, sannan a koma zaune sannu a hankali. Sau 8 zuwa 10, a huta, a maimaita sau biyu ko uku. Idan ya gagara, a ɗora matashi a ƙara wa kujerar tsayi ko a dafa da hannu, daga baya a cire. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin gwiwoyi su karkato ciki suna neman haɗuwa. Kowace gwiwa ta kalli inda yatsun ƙafarta suka kalla.

Don kwatangwalo, a kwanta rigingine gwiwoyi a lanƙwashe, a ɗaga ƙugu sama a matse ɗuwawu, a riƙe daƙiƙa 5. Don hannu, a tsoma shi a ruwan ɗumi, a dunƙule a hankali a buɗe, a taɓa kowane yatsa da babban yatsa.

Cikin ruwa nauyin jiki na raguwa ƙwarai, don haka tafiya a ruwan da ya kai ƙirji ta dace da masu ƙiba da waɗanda ƙasa ta gagare su. Sai dai a san cewa sakamako ba ya bayyana kafin mako 6 zuwa 8, kuma yana gushewa idan an daina.

Yaya zan san ciwon da nake ji lokacin motsa jiki ba na lahani ba ne?

A auna ciwon daga 0 zuwa 10. Har zuwa 4 ko 5 lokacin motsi ba laifi, matuƙar ya koma yadda yake bayan an gama. Idan ya fi na da tsanani bayan awa 2 da gamawa, ko gaɓar ta kwana a kumbure, an yi yawa. Ba dainawa za a yi ba, a rage rabin adadin a sake hawa sannu a hankali. Makonni biyun farko dama sukan zo da ƙarin tsamin jiki.

Abin da ke sa a tsaya a nemi likita shi ne suka mai kaifi farat ɗaya, gwiwa ta kulle ta ƙi miƙewa, ko ta riƙa sulluɓewa tana kayar da mutum.

Rage ƙiba na taimakawa da gaske?

Ƙwarai, musamman ga gwiwa. Kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Ana fara jin bambanci idan an rage kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki, kashi 10 kuma ya fi, wato kilo 9 ga mai kilo 90. Rabin kilo a mako ya isa. Yunwa mai tsanani tana cin tsoka tare da kitse, ga shi tsokar ita ake nema, shi ya sa ake haɗa rage abinci da ƙarfafa tsoka. Kitse kuma ba nauyi kaɗai ba ne, yana sakin sinadarai masu hura kumburi. Wannan na cikin dalilan da ke sa masu ƙiba suka fi samun zaizayewar yatsun hannu, alhali ba a taka hannu.

Gashi da ɗumi ko ƙanƙara?

Ɗumi don riƙewa da ɗaurewar tsoka, minti 15 zuwa 20, musamman da safe ko kafin motsa jiki. Ƙanƙara don gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, minti 10 zuwa 15, a naɗe ta a tsumma. Masu ciwon suga da ƙafafunsu ba sa ji sosai su gwada zafin da hannu tukuna, domin suna ƙonewa ba su sani ba.

Wane maganin kashe ciwo ya fi, kuma mene ne haɗarinsa?

Ga gwiwa da yatsu, a fara da na shafawa mai ɗauke da diklofenak ko ibufrofen, sau 3 ko 4 a yini. Kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, don haka illarsa ga ciki da ƙoda ba ta kai ta ƙwaya ba. Ba ya kai wa kwatangwalo saboda zurfinsa.

Farasitamol ba shi da ƙarfi sosai a kan zaizayewa, amma yana ɗan taimaka wa wasu. Ƙwaya 2 masu miligiram 500 a lokaci guda, tazarar aƙalla awa 4, kada a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Mai ƙaramin jiki ƙasa da kilo 50, ko mai ciwon hanta, ko mai shan barasa, adadinsa bai kai haka ba. A duba magungunan mura ma, da yawansu na ɗauke da shi.

Ƙwayoyin ibufrofen, diklofenak da nafroksen sun fi aiki, sun kuma fi haɗari. Suna rage sinadaran da ke kare bangon ciki da masu buɗe hanyoyin jinin ƙoda, shi ya sa suke kawo gyambon ciki, zubar jini, hawan jini da lalacewar ƙoda, su kuma ƙara haɗarin bugun zuciya. Dokarsu ita ce mafi ƙarancin adadi na mafi gajeren lokaci, yawanci tare da omefrazol don kare ciki. Kada a haɗa biyu daga cikinsu. Ana yawan ganin mutum yana shan ibufrofen da safe, diklofenak da dare, yana zaton magunguna daban ne, alhali illar ce ke ninkuwa, sauƙin bai ƙaru ba. Mai ciwon ƙoda, mai raunin zuciya, mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, wanda ya taɓa yin gyambon ciki, da mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita. Baƙin bayan gida kamar kwalta alamar jini ce a ciki, a tafi asibiti ranar.

Tiramadol da danginsa ba su dace da ciwon da zai daɗe ba. Sauƙinsu kaɗan ne, jiki na sabawa da su, suna sa jiri da faɗuwa ga tsofaffi.

An ba ni wata ƙwaya da ta ɗauke ciwon cikin kwana biyu. Me zai hana in ci gaba da ita?

Galibi sitiroyid ce, firednisolon ko deksametason. Tana kashe kumburi da gaggawa, likitoci ma suna amfani da ita na ɗan lokaci a rumatoyid da gawut. Matsalar ita ce watanni. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni har ya karye da ƙaramar faɗuwa, yanar ido ta zo, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Tana ma iya kashe kan ƙashin kwatangwalo ta hanyar toshe masa jini.

Wanda ya sha ta fiye da mako 3 kada ya daina rana ɗaya. Jiki yana da nasa sinadarin irinta da wasu ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda ke samarwa, kuma sukan dakata idan ana kawo na waje. Yankewa farat ɗaya na iya kawo amai, faɗuwar jini da suma. Likita ne ke rage ta mataki-mataki. A yi hattara kuma da haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan maganin gaɓɓai na tsirrai, an sha gano sitiroyid a ɓoye cikin irinsu.

Allurar sitiroyid a cikin gaɓa tana ba da sauƙi na makonni 2 zuwa 10. Amfaninta shi ne a samu sararin fara motsa jiki. Ba a cika yin ta fiye da sau 3 ko 4 a shekara a gaɓa ɗaya ba, kuma tana tada suga na 'yan kwanaki.

An ce rumatoyid gare ni. Maganin kashe ciwo bai isa ba?

Bai isa ba. Yana rufe ciwon ne, cutar kuma tana ci gaba da cin ƙashi a ƙarƙashi, kuma ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: wanda aka fara wa magani mai danne cutar cikin wata 3 na farkon alamu ya fi samun damar ta lafa gaba ɗaya, yatsunsa su tsira daga karkacewa.

Metotreksat shi ne ginshiƙi. Sau ɗaya a mako ake shan sa, ba kullum ba. Wannan jumlar ta cancanci a rubuta ta a jikin kwalin, domin shan sa kullum bisa kuskure ya kashe mutane. A zaɓi rana ɗaya a tsaya a kanta. Adadinsa yakan kama daga miligiram 7.5 zuwa 25 a mako, ana kuma haɗa shi da folik asid, a wata ranar daban, don rage tashin zuciya da gyambon baki. Ba ya nuna aikinsa sai bayan mako 6 zuwa 12, a nan ne mutane ke gajiya su ajiye shi. Ana gwajin jini da na hanta da ƙoda duk mako 2 da farko, daga baya duk wata 2 ko 3. Kada a haɗa shi da Septrin ko duk maganin da ke ɗauke da tiraimetofirim, domin tare suna iya danne ɓargo. A kauce wa barasa. Gyambon baki mai yawa, ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, busasshen tari da sarƙewar numfashi, ko idanu su yi rawaya: a dakatar da shi a ga likita nan take.

Akwai salfasalazin, leflunomid da haidroksikulorokwin, wanda ke buƙatar gwajin ido duk shekara bayan an yi shekara 5 ana sha. Idan waɗannan ba su wadatar ba, ana hawa zuwa allurai irin su adalimumab da etanasef, amma sai an bincika tarin fuka da ciwon hanta nau'in B tukuna, don suna iya tada wanda ya kwanta. Mai shan magungunan da ke danne garkuwa ya tambayi likita kafin kowace allurar rigakafi, domin masu ɗauke da rayayyun ƙwayoyi, kamar ta shawara, ba su dace da shi ba.

Wani abin da ake mantawa: kumburin rumatoyid yana taɓa hanyoyin jini, yana ƙara haɗarin ciwon zuciya. A riƙa auna hawan jini, suga da kitsen jini duk shekara.

Gawut yana zuwa yana tafiya. Sai ya tashi zan sha magani?

Magani biyu ne, aikinsu daban. Na kashe wutar shi ne kolcisin, ko ɗaya daga dangin nafroksen, ko sitiroyid na 'yan kwanaki, kuma ya fi aiki idan an fara cikin awa 24. Kolcisin ƙananan adadi ake sha, yawansa na kawo gudawa mai tsanani, har da guba.

Na hana dawowa shi ne alofurinol, ga wanda ciwon ke tasar masa sau 2 ko fiye a shekara, ko yake da ƙulluta a gaɓɓai, ko tsakuwar ƙoda. Ana farawa da miligiram 100 a yini, ƙasa da haka ga mai raunin ƙoda, a riƙa ƙarawa duk mako 2 zuwa 4 har yurik asid ya sauka ƙasa da miligiram 6 a kowace desilita ta jini. Wasu sai sun haura miligiram 300. A watannin farko ciwon na iya ƙara tashi, saboda tsofaffin tsinken na narkewa suna motsi. Wannan ba alamar maganin ya ƙi ba ce, shi ya sa ake raka shi da ƙaramin kolcisin na wata 3 zuwa 6. Ba a dakatar da alofurinol don ciwo ya tashi. Abin da ke sa a dakatar da shi nan take shi ne ƙuraje a fata, musamman tare da zazzaɓi ko gyambon baki.

Rage barasa, lemo mai sukari, kayan ciki da jan nama yana taimakawa, amma abinci kaɗai ba ya sauke yurik asid da yawa, domin a yawancin masu gawut ƙoda ce ba ta fitar da shi yadda ya kamata. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ma suna tada shi, a faɗa wa likita.

Akwai abinci ko ƙarin sinadarin da ke gyara guringuntsi?

Babu wanda aka tabbatar. Gulukosamin da kondiroyitin sun sha gwaji, sakamakonsu bai fi na ƙwayar da ba ta ɗauke da komai ba a manyan bincike. Kifi mai mai yana ɗan rage riƙewa a rumatoyid, amma ba ya maye gurbin magani. Ganye, 'ya'yan itace, wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba suna da amfani ne ta wajen nauyi da zuciya.

Yaya ake riƙe sanda, kuma me za a gyara a gida?

Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta: gwiwar dama ke ciwo, sanda a hagu, su taka tare da ƙafar mai ciwo. Yawancin mutane suna yin akasin haka, sai su riƙa karkata kan gaɓar da suke son sauƙaƙa wa. Tsayinta kuwa, a tsaya da takalmi hannu a sake, mariƙin ya zo daidai layin wuyan hannu. A sauya robar gindinta idan ta cinye. A matakala, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwon da sanda ke fara sauka.

Kujera da gado su kai tsayin da ƙugu zai ɗan fi gwiwa tudu idan an zauna. Ƙarin mazauni a kan masai da ƙarfen dafawa a banɗaki suna hana faɗuwa. Takalmi ya zama mai faɗin gaba, mai laushin ƙasa, marar tsini, mai kama diddige.

Don yatsu, ƙa'idar ita ce babbar gaɓa ta ɗauke wa ƙarama: a rataya jaka a kafaɗa ko a damtse maimakon a yatsu, a ɗauki tukunya da hannu biyu, a tura abu maimakon ɗagawa. Naɗa wa cokali, biro da wuƙa tsumma ko roba ya ƙara musu kauri yana rage matsewar da ke gajiyar da gindin babban yatsa.

Rana ɗaya in yi aiki sosai, kwana biyu in kwanta. Yaya zan fita daga wannan?

Ranar da jiki ya yi daɗi ita ce tarkon. A lura da tsawon lokacin da ake iya yin aiki kafin ciwo ya tashi, a ce minti 30 na tsayuwa, sai a riƙa tsayawa a minti 20 ko da ba a gaji ba, a huta minti 5, a ci gaba. Ana yin haka a ranar daɗi da ranar wuya, sannan a ƙara kaɗan duk mako. Mai aikin zama ya miƙe duk minti 30.

Rashin barci yana ƙara wa ciwo kaifi washegari. Mai kwanciya a gefe ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Kada a saba kwana da matashi a ƙarƙashin gwiwa mai ciwo, yana da daɗi amma a hankali gwiwar za ta ƙi miƙewa. Ƙuncin rai ma yana yawan rakiyar ciwo mai daɗewa, yana kuma da magani, a faɗa wa likita kamar yadda ake faɗar ciwon gwiwa.

Mai rumatoyid za ta iya haihuwa? Yara na kamuwa?

Za ta iya, da shiri. Metotreksat da leflunomid suna cutar da ɗan tayi, don haka ana sauya su tun kafin a ɗauki ciki, leflunomid ma sai an ba da maganin da ke wanke shi daga jiki. Haidroksikulorokwin da salfasalazin ana ci gaba da su. Mata da yawa cutar na lafa musu lokacin goyon ciki, ta taso bayan haihuwa.

Yara 'yan ƙasa da shekara 16 suna kamuwa da nasu nau'in. Gaɓar da ta kumbura mako 6, ko ɗingishi da safe da ke raguwa da rana, a kai yaron asibiti. Suna buƙatar gwajin ido a kai a kai, domin kumburin na shiga ido ba tare da ja ko ciwo ba.

Yaushe ake maganar tiyata?

Idan ciwo ya hana barci da tafiya duk da an yi watanni ana motsa jiki, an rage nauyi, an gwada magani. Tun farkon shekarun 1960 da likita John Charnley ya daidaita aikin sauya kwatangwalo a Ingila, aikin ya zama cikin tiyatar da ta fi nasara. Nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya gaba ɗaya, da kashi 58 na kwatangwalo, suna kai shekara 25. Duk da haka kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka sauya wa gwiwa yana ci gaba da jin ciwo, kuma wanda ya shiga da tsoka mai ƙarfi ya fi saurin miƙewa. Wanke gwiwa ta ƙaramar huda kuwa ba ya amfanar zaizayewa, an daina ba da shawararsa.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su?

Gaɓa ɗaya da ta kumbura cikin sa'o'i, ta yi zafi, ba ta motsuwa, ko da zazzaɓi ko babu. Tana iya zama gawut, tana kuma iya zama ƙwayoyin cuta ne suka shiga, waɗanda ke lalata guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Ba a bambanta su da ido, sai an zuƙi ruwan gaɓar an gwada, kuma ba a yi mata allurar sitiroyid kafin nan. Masu shan magungunan danne garkuwa, masu ciwon suga, masu sikila da waɗanda aka sauya wa gaɓa su suka fi shiga wannan haɗarin, kuma jikinsu ba lallai ya yi zafi ba.

Haka nan ciwon baya tare da mutuwar fatar tsakanin cinyoyi ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, kumburin sha-raɓa ɗaya mai ciwo, jan ido mai zafi da dushewar gani, da ramewa ba dalili tare da ciwon ƙashi da dare. A tafi asibiti ranar da aka gani, a tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha, har da waɗanda aka saya ba da takardar likita ba.